Jinkirta Ritaya: A Duba Rumbu Kafin A Zuba Hatsi

Duk wanda ya saba da zaman rumfunan kasuwa a Kafin Hausa, ko Bulangu, ko cikin birnin Haɗejia, ya san wani irin dattijo da ba ya ɓoyuwa. Tafiyarsa a miƙe take, gaisuwarsa gajeriya, idonsa kuwa ba ya barin bakin hanya. Ko ba a faɗa ba, an san tsohon ɗan sanda ne ya ajiye kaki ya komo gida. Waɗansu daga cikinsu sun kama noman shinkafa a fadama, waɗansu suna tsaron kantin wani, waɗansu kuwa suna zaune suna jiran abin da wata zai kawo, ga shi ba ya kai su tsakiyar wata. Saboda waɗannan dattijai, da kuma 'yan'uwansu 'yan kwana-kwana masu kashe gobara, ya kamata malamai da 'yan kasuwa su saurari wata magana da ake ta juyawa a ƙasar nan, watau maganar a jinkirta wa ma'aikacin tsaro ranar barin aiki.

Ga yadda doka take. Dokar 'Yan Sanda, wadda aka sabunta a shekarar 2020, ƙa'idar ma'aikatan Gwamnati ta bi: ɗan sanda zai bar aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. To, a yi lissafi. Yaron da ya shiga kurtu yana da shekara 20, yana cika 55 sai a sallame shi. A wannan shekara mutum bai tsufa ba. Yana da 'ya'ya a makaranta, yana da 'yan mata da ba a aurar ba, wataƙila ko gidan kansa bai gama ginawa ba. A wannan shekara ce kuma ya fi sanin aikinsa: ya san ɓarawon shanu da sawunsa, ya san yadda ake sasanta makiyayi da manomi kafin sanda ta tashi, ya san wane mai unguwa za a fara sallama wa. Sai a ce masa ya tafi, daidai lokacin da ya nuna.

Wannan ne ya sa maganar jinkiri take da daɗin ji. An kuwa riga an buɗe ƙofar ga waɗansu. A shekarar 2022 aka sa hannu a dokar da ta kai malaman makaranta shekara 65 da haihuwa ko 40 a aiki. A 2023 aka daidaita wa alƙalan manyan kotuna shekara 70. A 2024 Majalisar Tarayya ta gyara Dokar 'Yan Sanda domin Sufeto Janar ya cika wa'adinsa na shekara huɗu ko da ya wuce 60, abin da ya ba Kayode Egbetokun damar ci gaba da riƙon muƙaminsa bayan watan Satumba na shekarar. A cikin shekarar nan ta 2024 kuma aka kawo ƙuduri gaban Majalisar Wakilai na a ƙara wa sauran 'yan sanda shekara biyar, shugaban kwamitin da ya saurari bayanin jama'a a kai kuwa ɗan ƙasar Haɗejia ne, Abubakar Makki Yalleman, wakilin Malam Madori da Kaugama. Sa'an nan a ƙarshen Janairu na 2025 Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda ta umarci manyan jami'an da suka haura ƙa'ida su tafi gida. Mai karatu ya ga dai maganar ba ta kwanta ba.

Akwai wata dabara ta uku, tsakanin a kori mutum da a ƙara masa shekaru kai tsaye, wadda Amurkawa suka ƙago. An fara ta a farkon shekarun 1980 a gundumar Baton Ruj ta jihar Luwiziyana, daga nan ta bazu zuwa manyan birane, galibi domin 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. Ana iya kiranta ajiyar jinkirin ritaya. Yadda take shi ne: ma'aikaci ya kai lokacin da ya cancanci fansho, amma hukuma tana bukatarsa, shi ma bai gaji ba. Sai a rubuta yarjejeniya. A takarda ya yi ritaya tun yau, an yanke masa adadin fanshonsa na wata-wata, an daskarar da shi a nan. A zahiri kuwa yana nan cikin kaki yana karɓar albashinsa. Fanshon nan da aka yanke ba a ba shi a hannu, sai a riƙa zuba masa shi a wani asusu kowane wata, har wa'adin da aka yi alkawari ya cika, galibi shekara uku zuwa biyar. Ranar da ya tuɓe kaki da gaske, sai a danƙa masa abin da ya taru dunƙule, sa'an nan ya ci gaba da karɓar fanshonsa na wata-wata.

A ɗauki misali, don 'yan kasuwa su auna da kansu. A ƙaddara an yanke wa wani Sufeto fansho na Naira 100,000 a wata, ya kuwa yarda da jinkiri na shekara biyar. Wata 60 ke nan. Ranar sallama zai tarar da Naira miliyan 6 suna jiransa, ban da albashin da ya ci a tsakani. Da wannan yana iya sayen injin ban ruwa da gona a fadama, ko ya kafa rumfa, ko ya ƙarasa gini. Ita kuma hukuma ta sami shekara biyar na aikin gwani, ta kuma san ranar da zai tafi tun da wuri, ta shirya magajinsa.

Amma ba a samun riba babu abin da aka bayar. Abin da ma'aikaci ya bayar shi ne girman fanshonsa na sauran rayuwa. Da yake an daskarar da lissafi tun ranar yarjejeniya, duk ƙarin girma da ƙarin albashi da ya samu cikin shekara biyar ɗin nan ba za su shiga fanshonsa ba. Ya sayar da ƙari na har abada, ya sayi dunƙule na rana ɗaya. Ga wanda Allah ya yi wa tsawon rai, cinikin yana iya zama hasara. Ga wanda kwanansa ya ƙare da wuri, yana iya zama alheri ga magada. Babu kuwa wanda ya san nasa.

Haɗarin bai tsaya ga ma'aikaci kaɗai ba. Abin da ya faru a birnin Dalas na jihar Tekzas ya isa wa'azi. A can an yi wa masu ajiya alkawarin ƙari na kashi 8 zuwa 10 cikin 100 kowace shekara, ko asusu ya ci riba ko ya faɗi, ba a kuma iyakance tsawon jinkirin ba. Masu riƙe da asusun suka zuba dukiya a filaye da gine-gine da darajarsu ta faɗi. Da labari ya fita a shekarar 2016, sai kowa ya ruga ya kwashe nasa, cikin 'yan watanni aka fitar da fiye da dala miliyan 500. Magajin garin da kansa ya kai ƙara kotu, aka tsayar da fitar da kuɗi, sai a 2017 majalisar jihar ta yi dokar ceto, wadda ta rage wa kowa abin da ya sa rai. A birnin Los Anjalis kuwa, inda aka fara shirin a 2002, binciken wata babbar jarida ta birnin a 2018 ya nuna mutane da yawa suna shiga shirin, sa'an nan su tafi dogon hutun rauni, albashi yana shiga, ajiya tana taruwa, aikin da aka riƙe su dominsa kuwa babu. Dole aka gyara ƙa'ida, watan da mutum bai yi aiki isasshe ba ba a zuba masa. To, idan ƙasar da baitulmalinta ya fi na kowa ƙarfi ta yi tuntuɓe a nan, wanda gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ya san abin da zai yi da nasa.

Yanzu a komo gida, gama a nan ne muhimmin abu yake. Wannan dabara ba ta zama sai inda aka yi wa ma'aikaci alkawarin fansho sananne, wanda ake lissafawa da albashinsa na ƙarshe da shekarun aikinsa. Ɗan sandan Nijeriya ba shi da irin wannan alkawari. Tun dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, kowane ɗan sanda yana da asusu da sunansa. Ana cire kashi 8 cikin 100 daga albashinsa, Gwamnati ta ƙara kashi 10, wani kamfani ya juya kuɗin. A 2014 ne aka ba kamfanin NPF Pensions izinin kula da na 'yan sanda musamman. Ranar ritaya, abin da ya taru shi ne naka, ba ƙari ba ragi: a ba ka wani kaso a hannu, sauran a riƙa tsakuro maka wata-wata. Wanda albashinsa ya kasance ƙarami shekara da shekaru, tulunsa ba zai cika ba, ko da wane irin gwani ne ya riƙe masa. A irin wannan tsari, jinkirta ritaya ba ya nufin kome sai ƙarin shekarun zubi. Babu wani yankakken fansho da za a tara masa a gefe.

Ɗan kwana-kwana na Jihar Jigawa kuwa halinsa dabam ne. Shi ma'aikacin jiha ne, Jigawa kuwa tun 2001, zamanin Gwamna Saminu Turaki, ta kafa asusunta na ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi. Ma'aikaci yana zuba kashi 8, Gwamnati tana zuba kashi 17, ana tara su a tukunya ɗaya, kuma ana biyan garatuti da fansho bisa albashi da shekarun aiki. An daɗe ana yabon wannan asusu da biya a kan kari, har waɗansu jihohi suna aiko da wakilai su ga yadda ake yi. A nan ne ajiyar jinkiri za ta iya zama, in an so. Amma a lura, tukunya ɗaya da kowa ke ci daga ciki tana rayuwa ne da sababbin masu zubi. Idan masu fita suka yi yawa, masu shiga suka yi kaɗan, sai ta fara ƙafewa. Duk alkawarin da aka ɗora mata na dunƙulen kuɗi a rana ɗaya, nauyi ne a kan malamin firamare na Auyo da ma'aikacin asibiti na Birniwa, waɗanda ba a shawarce su ba.

Saboda haka tambayar da ta kamaci mai hankali ba ita ce ko dabarar tana da kyau a takarda ba. Tambayar ita ce, wa zai riƙe kuɗin, kuma yaya halinsa na biya yake? Manomin fadama ya san wannan fiye da kowa. Ajiye shinkafa daga kaka zuwa bazara dabara ce mai riba, amma babu mai hankalin da zai zuba ta a rumbun da ke kan hanyar ruwa. Mutanen Kafin Hausa da Auyo da Kiri Kasamma sun ga abin da ambaliyar 2022 ta yi wa gonaki da gidaje da rumbuna. Wanda ya sayar da wuri ya yi ƙaramar riba, wanda ya ajiye a kwari ya rasa duka. Laifin ba na ajiya ba ne, na wurin ajiya ne.

To, yaya rumbun fansho na 'yan sanda yake? Tarihinsa ba ya kwantar da rai. Tun daga 2012 aka riƙa bankaɗo ɓarnar biliyoyin Naira a tsohon ofishin fanshon 'yan sanda. A 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ɗaure Abdulrasheed Maina, wanda aka naɗa domin ya gyara harkar fansho, shekara takwas saboda halatta kuɗin haram. Gaskiya ne sabon tsari ya fi tsohon tsaro daga hannun ɓarawo, gama kuɗin yana hannun mai ajiya dabam da mai juyawa, Hukumar Fansho ta Ƙasa tana sa ido. Amma abin da ke fitowa daga cikinsa bai ƙosar ba. Sojoji da jami'an leƙen asiri an fitar da su daga tsarin tun 2011, ma'aikatan Majalisar Tarayya suka bi a 2023. 'Yan sanda suka ce, in abin alheri ne, me ya sa masu ƙarfi suke ficewa? A watan Yuli na 2025 tsofaffin 'yan sanda suka fito zanga-zanga a Abuja da waɗansu jihohi, dattijai masu furfura suna tsaye a ƙofar Majalisa suna neman a fitar da su. Wanda ya ga wannan, sa'an nan aka ce masa ya bar hakkinsa shekara biyar a hannun hukuma, ba a zarge shi ba in ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Akwai kuma wani ɓarawo da ba ya fasa ƙofa, shi ne tsadar kaya. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma saki darajar Naira, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a shekarar 2024. Kowane ɗan kasuwa a Gujungu da Maigatari ya ga haka a farashin buhu da na sa. A irin wannan gudu, kuɗi yana rasa rabin ƙarfinsa kafin shekara uku ta cika. Miliyan 6 ɗin nan na misalin Sufeto, in an bar su kwance, ranar karɓa ba za su sayi abin da aka yi mafarki da shi ranar sa hannu ba. Fanshon da aka daskarar kuwa ya fi muni, gama shi ne mutum zai ci har ƙarshen ransa. A Amurka inda farashi ke tafiya a hankali, daskarar da fansho shekara biyar ƙaramar hasara ce. A nan kuwa yana iya zama yanka.

A nan ne malamai suke da abin faɗa, gama wannan magana ba baƙuwa ba ce ga wanda ya karanta babin ciniki a Risala ko Muhtasar. Aikin ɗan sanda ijara ne, ladan ijara kuwa hakki ne da ba a jinkirta shi sai da yardar mai shi. In ya yarda aka jinkirta, to, dukiyar ta zama ɗaya daga abu uku, kuma lalle a san wanne. Ko dai bashi ce a wuyan hukuma, wanda za ta biya daidai yadda ta karɓa. Ko wadi'a ce, watau ajiya ta amana da ba a taɓawa. Ko kuwa ƙiradi ne, a juya ta a kasuwa a raba riba bisa kason da aka sani, in an faɗi ba da sakaci ba kuwa hasara ta hau kan dukiya. Abin da shari'a ba ta yarda da shi ba shi ne a haɗa su: a ce bashi ne, uwar kuɗi tana da lamuni, sa'an nan a yanke ƙari sananne kowace shekara. Wannan shi ne riba da aka hana, kuma shi ne ainihin abin da ya kayar da asusun Dalas. Mai karatu ya lura, abin da fiƙihu ya hana saboda addini, lissafi ma ya hana shi saboda hankali.

Hanyar halal kuwa ba ta toshe ba. Gwamnatin Tarayya ta fara fitar da sukuk tun 2017, Hukumar Fansho ta Ƙasa kuma a 2021 ta buɗe asusu na shida wanda ba ya mu'amala da ruwa, duk mai asusun fansho yana da ikon neman a mai da kuɗinsa can. 'Yan sanda Musulmi da yawa ba su san da wannan ba, ga shi sanar da su bai fi ƙarfin limamin bariki ba. Haka kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da ajalinsa da shaidunsa ta sauka. Yarjejeniyar da ba a fayyace wa'adinta ba, ko aka bar wa hukuma ikon sauya ta yadda ta ga dama, garari ne, ba a gina rayuwar iyali a kansa.

Sai maganar gado, wadda ta fi kowace jawo rigima a gidaje. Idan ma'aikaci ya rasu a tsakiyar wa'adi, abin da ya taru dukiyarsa ce, ta magada ce bisa rabon da shari'a ta yanke, bayan an biya bashi an zartar da wasiyya. Wanda aka rubuta sunansa a takardar ofis a matsayin makusanci, wakili ne na karɓa, ba mai dukiya ba ne. Alƙalai sun sha ganin babban ɗa ko ƙanin mamaci ya riƙe kuɗi yana cewa sunansa aka rubuta, ga gwauruwa da marayu suna kallo. Dunƙulen kuɗi ya fi fansho na wata-wata jan ido, saboda haka ya fi bukatar a bayyana hukuncinsa tun mai shi yana da rai.

Bayan dukiya, akwai jiki. Aikin alƙali da na malami da kai ake yi, kai kuwa yana ƙara nuna da shekaru. Aikin ɗan kwana-kwana da ƙirji ake yi, da gwiwa, da numfashi cikin hayaƙi. Jama'ar Jigawa ba za su manta da daren 15 ga Oktoba 2024 ba, lokacin da tankar mai ta faɗi ta kama wuta a Majiya ta ƙasar Taura, a kan hanyar Kano zuwa Haɗejia, mutane fiye da 150 suka rasa rayukansu. 'Yan kasuwa kuma suna tune da gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016. A irin wannan rana ana bukatar dattijon da ya san yadda wutar fetur take, wanda zai ce a ja da baya, a kori jama'a, kada a watsa ruwa a nan. Ana kuma bukatar samari masu ƙarfi da za su ja mesa su ɗauki mutum a kafaɗa. Jinkirin da zai riƙe dattijo ya koyar, alheri ne. Jinkirin da zai sa mai shekara 60 ya hau tsani saboda tsoron talaucin ritaya, zalunci ne da aka sa wa rigar zaɓi.

Kada kuma a manta da na baya. Kowace kujera da aka riƙe shekara biyar, akwai Kofur da bai zama Saje ba, akwai Saje da bai zama Sufeto ba, akwai kuma saurayi da ya gama Jami'ar Sule Lamido a nan Kafin Hausa yana yawo da takarda. Zamanin 'yan doka na En'e, kafin a haɗe su da 'yan sandan tarayya a ƙarshen shekarun 1960, wanda ya tsufa a bakin aiki yana komawa cikin danginsa a garin da ya yi wa hidima, sarki ya san shi, unguwa ta san shi. Ɗan sandan yau ana jefa shi daga Kalaba zuwa Sakkwato, ya komo gida baƙo, ba gona ba sana'a. Abin da ya fi bukata shi ne shiri tun da sauran lokaci, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka, in har masu mulki, na Abuja ko na Dutse, suka yi niyyar kawo irin wannan tsari, ga sharuɗɗan da bai kamata a sauka daga kansu ba. Na farko, a fara biyan waɗanda suka riga suka tafi, a kuma gyara abin da suke karɓa, gama wanda bai biya tsohon bashi ba ba shi da bakin neman sabo. Na biyu, shiga ta zama da ganin dama, a karanta wa mutum sharuɗɗa da harshen da yake ji, a nuna masa lissafin riba da na hasara gaba ɗaya. Na uku, a yanke wa'adi da ba zai wuce shekara uku zuwa biyar ba, kuma babu sabuntawa, babu komowa ta bayan gida. Na huɗu, kuɗin ya fita daga baitulmali kowane wata ya shiga asusu da sunan mai shi, a hannun amintaccen da ba Gwamnati ba, mai shi yana ganin abin da ya shiga. Na biyar, kada a yi alkawarin ƙari yankakke, a juya dukiyar ta hanyar halal a ba shi abin da ta haifar. Na shida, fanshon da aka daskarar a riƙa ɗaga shi gwargwadon tsadar kaya, kamar yadda Tsarin Mulki na 1999 ya ce a riƙa duba fansho kowace shekara biyar ko duk lokacin da aka ƙara albashi. Na bakwai, likita ya duba mutum, a sa shi inda jikinsa zai iya, wajen horar da kurata da bincike da sulhu. Na takwas, ƙa'idar ta zama ɗaya ga Kofur da Kwamishina. Dokar da aka ɗinka daidai jikin mutum ɗaya ba ta haifar da kome a bariki sai guna-guni.

Shi kuwa ma'aikacin da irin wannan tayi zai zo wa wata rana, ya tambayi kansa abu uku kafin ya sa hannu. Shin jikinsa zai kai? Shin in ya karɓi dunƙulen yana da sana'ar da ya sani wadda zai zuba shi, ko kuwa 'yan'uwa da 'yan damfara ne za su raba shi kafin damina ta zagayo? Shin kuma abin da zai rage masa wata-wata zai riƙe gidansa in kasuwa ta juya baya? Mutane da yawa sun karɓi garatuti da safe, suka ƙara aure da rana, suka sayi motar haya da ba su san kanta ba, shekara ba ta cika ba suka koma neman rance. 'Yan kasuwa na gari suna iya taimakon irin wannan maƙwabci da shawara ta gaskiya, ko su karɓi dukiyarsa ƙiradi a rubuce da shaidu, maimakon su gan shi nama ya faɗo.

Ɗan sanda da ɗan kwana-kwana su ne suke tsaye lokacin da mai kanti yake barci, su ne suke shiga inda kowa yake gudu ya fita. Wanda ya ba da ƙuruciyarsa a haka, bai cancanci a mai da tsufansa abin gwaji ba. Jinkirta ritaya yana iya zama alheri gare shi da ƙasa baki ɗaya, amma sai bayan an ɗaga rumbu daga kwari, an toshe ɓarakarsa, an ba mai hatsi mabuɗi a hannunsa. Kafin nan, duk wanda ya ce a jira, a tambaye shi inda hakkin waɗanda suka riga suka jira yake. Allah ya ba shugabanni ikon riƙon amana, ya sa ƙarshen kowane ma'aikaci ya fi farkonsa kyau, amin.